Rodin Baba Tsoho Mai Tudu Uku

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za a mayar da mu ɗaya bayan ɗaya. Ban samu jana'izar kakana ba. Ya rasu ranar Talata da hantsi, aka kai shi kafin la'asar, ni kuwa ina can wata ƙasa a kudancin Afirka ina fafutikar kujerar jirgi. Sai ranar addu'ar uku na iso unguwarmu Nima. Na tarar an kafa kanopi an toshe lungunmu tun daga bakin gota, magudanar ruwan unguwa, har ƙofar masallaci, kuma duk wanda ya zauna a kujerar roba yana da nasa labarin Baba Tsoho.

Mai sayar da waakye, shinkafa da wake, a kan kwanar lungu, wadda tun ina firamare take wurin, ta riƙe hannuna tana sharar hawaye. "Teburi na, Masta ne ya yi shi," in ji ta, don Masta mutanen unguwa suke kiran kakana. "Shekara nawa yanzu, bai girgiza ba kwaraa." Direbobin motocin albasa su huɗu sun zo daga kasuwar Agbogbloshie, masu cikakkiyar Hausar Nijar irin tasa, suka ce ƙarfen da ya haɗa bai taɓa buɗe musu a hanya ba. Wata dattijuwa da ta yi dako a kasuwa tana yarinya ta ce duk safiyar Juma'a yakan liƙe musu kwanukan dakonsu da suka huje, in ka miƙa masa wani abu ya ce ka je ka sha koko. Liman kuwa ya ce shekara da shekaru ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba in ban da lokacin salla, yanzu ya rasa wanda zai yi wa gardama, kuma bai san haka abin yake da ciwo ba.

Amma kowa, in ya gama ta'aziyya, sai ya juyo kaina. Hausar Nima ba ruwanta da mace ko namiji, saboda haka tambayar iri ɗaya ce: "Kai ne jikan Masta da ya gano kabaid a sama?" Daga nan sai su nuna ƙusoshi biyu da ke saman ƙofar shagonsa na walda, su ce ina rodin nan mai lanƙwasa da ke rataye a wurin?

Murmushi nake yi ina sunkuyar da kai, suna ɗauka kunya ce. Gaskiyar ita ce ban gano kabaid, dutsen gas ɗin masu walda, a sama ba. Na zaci na gano, na gaya masa, ya gaya wa Nima da maƙwabciyarta Maamobi, daga baya na ga kuskure ne. Wata biyar ina riƙe da wannan sani ban faɗa wa kowa ba, ba shi ba, ba malamar da ke duba karatuna ba. A cikin jakata akwai kwamfutar da ke ɗauke da rubutun binciken, malamata tana jira in ce mata a tura a buga, kuma aikin da aka yi mini tayi bayan digiri a kan rubutun nan ya dogara. Na shigo gidan makoki ban yanke shawarar abin da zan yi ba.

Shi ya jefa ni cikin wannan karatu, ko da yake bai san ya yi ba. Ina da shekara bakwai na laɓe bayan wata ganga ina kallonsa yana walda da lantarki, saboda an hana mu kallo, ni kuwa abin da aka hana shi nake so. Washegari na tashi idona kamar an zuba yashi, ba na iya buɗewa, ina ihu. Kaka, matarsa, ta ɗiga mini madarar gwangwani kamar yadda ake yi a gidan kowane mai walda, tana yi tana zagina. Shi kuwa ya zauna bakin tabarma yana dariya.

"Jikalle, kin ga abin da kike nema?"

Na ce wutar ba ta taɓa ni ba, tartsatsi ma bai iso inda nake ba, to me ya ƙone ni? Tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce a cikin hasken walda akwai wani hasken da ido ba ya gani, shi ne mai ƙunar. Ya ce bai san sunansa ba, amma ya san shi, don yana baƙanta masa wuya da hannu ko da rana ba ta fito ba. Shekaru bayan haka aka gaya mini sunan a aji, ultrabayolet, hasken da ke gaba da shunayya a jerin launukan bakan gizo, inda idon ɗan Adam ya gaza. Mu a gida ɓoyayyen haske muke ce masa.

Wanda ya san wannan hasken haka, shi ne kuma ya raina shi. Yana da gilashin walda, wani baƙin gilashi da ya manna a kwali, amma in ɗan ɗigo zai yi sai ya ce ɗaukar kwalin ɓata lokaci ne. Ya saita, ya runtse ido, ya ɗiga, ya buɗe. Duk masu waldar zamaninsa haka suke yi, har alfahari suke da iya kifta ido daidai lokaci. Ido kuwa ba ya riga haske. A hankali ganinsa ya dusashe, kafin in gama digirin farko ya koma zama a benci ƙofar shago, Kawu, babban ɗansa, ya karɓi aiki. Daga bencin nan yake sa ido da kunne. Yana jin ƙarar walda zai ce, "Ka yi nisa da ƙarfen," kuma haka ne.

Ɗabi'arsa biyu ce kowa ya sani. Ba ya miƙa wa mai kaya aiki sai ya bugi mahaɗin da guduma sau uku a gabansa, yana cewa, "Buga mu ji." In kuma ya yi shakkar wani mahaɗi, ba ya faɗa, ba ya tsawa. Alli yake cirowa daga aljihu ya zagaye wurin, ya ajiye guduma kusa, ya tafi salla. Wanda ya yi aikin shi zai zo ya buga da hannunsa.

A kan wannan suka yi rigimar da ta fi kowace daɗewa a gidanmu. Kawu ya yi wa wani mutumin Kotobabi ƙafafun tankin ruwa, ya ga ɗan tsagu a mahaɗi ɗaya, mai kaya kuma yana tsaye da mota, sai ya shafe da fenti. Tsoho ya zo yana shafawa da yatsa, ya tsaya a wurin da fentin ya fi kauri, ya zagaye da alli. Kawu ya ce aikin lafiya yake, shi ba yaro ba ne da za a tozarta gaban mutane. Tsoho ya ce to ga guduma. Kawu ya ƙi bugawa, ya fice. Azumi guda suna shan ruwa a faranti ɗaya ba sa magana, tankin yana tsaye a lungu da da'irarsa, mai kaya yana zuwa yana komawa. Ranar jajiberin salla Kawu ya ɗauki guduma ya buga, bugu na biyu ƙafar ta ɓalle. Tsoho bai ce ai na gaya maka ba, sai ya miƙa masa sandar walda.

Da na tafi karatun taurari, duk dawowa hutu sai na zauna a bencin nan an yi mini jarrabawa. Ban taɓa haɗuwa da mai son sani kamarsa ba, har cikin farfesoshi. Na gaya masa taurari a dunƙule suke gungu-gungu, kowane gungu da taurarin da ba sa ƙirguwa, ranarmu ma tauraruwa ce a cikin ɗaya daga ciki, masana na kiran gungun galaksi. Ya juya kalmar a baki, ba ta yi masa ba.

"Kowa ya zo daga wani wuri ya sauka, an cunkushe, ana haihuwa ana mutuwa?"

"Kusan haka, Tsoho."

"To zango ke nan. Ki daina wahalar da ni."

Tun daga ranar muke cewa zangon taurari. Na ce masa nawa zangon, wanda nake bincike a kansa, ƙarami ne, mai nisan gaske, dishi-dishi, ko babban madubin hangen nesa sai ya daɗe yana tara haskensa kafin a ga ɗigo. Abin da nake so in sani shi ne ko ana haifar sababbin taurari a cikinsa, kuma da me ake yin su. Na ce manyan taurari sababbin haihuwa sun fi zafi, kuma shuɗaye ne. Na zaci zai yi mamaki, don mutane ja suke ɗauka wuta mai zafi. Sai ya yi tsaki, ya ce wannan ai ɗan koyo na wata ɗaya ya sani, jan harshe na dumama ruwa ne, shuɗin nan na tsakiya shi ke yanka ƙarfe. Da na ƙara masa cewa yawancin hasken irin waɗannan taurari ɓoyayyen nan ne, irin na walda, sai dai doguwar tafiya tana miƙar da shi har ya iso mana a launin da na'ura ke kamawa, ya buga cinya ya kira Kaka ta zo ta ji.

Yadda muke gane abin da ke cikin wutar da ba za mu taɓa zuwa kusa da ita ba, shi ya fi damunsa. Na ɗauko tsohon faifan sidi na ce in haske ya faɗa kansa yana bajewa launi-launi, mu ma haka muke baje hasken zangon da wata na'ura, kuma kowane sinadari yana da wurinsa a jerin, inda yake barin alama. Ya ce wannan ma ba sabo ba ne, tagulla kore take ci, gishiri in ya faɗa wuta ruwan ɗorawa yake bayarwa, shi da ido ɗaya yake gane ƙarfen da aka yi wa algus. Abin da bai yafe mini ba shi ne da na ce ban taɓa ganin zangon da idona ba, madubin yana kan wani dutse a wata ƙasa, ni lambobi kawai ake turo mini a kwamfuta.

"Ashe ni da ke duk makafi ne," in ji shi. "Ni da kunne, ke da kwamfuta."

Liman bai yarda da zancen haihuwar taurari ba. Ya ce an gama halittar sammai tun farko, ba a bar saura ba. Tsoho ya tambaye shi jikar da aka raɗa wa suna a gidansa makon jiya, tun farkon aka gama ta ko kuwa? Liman ya ce wannan daban. Tsoho ya ce Mai yin ɗaya ne. Sun kai wata uku a kan wannan, Liman yana cewa zai duba littafi, Tsoho yana tambayarsa kullum bayan azahar ko ya duba.

Bara na dawo da abin da na ɗauka babban rabo ne. An baje hasken zangona, aka samu zane, layi mai tafiya a kwance da tudu uku. Babban tudun na haidurojin ne, shi ke nuna sababbin taurari suna ci. Na biyu na oksijin. Na uku, wanda ya sa malamata ta tashi tsaye, na kabon ne, kuma ya fi yadda ake tsammani a ƙaramin zango irin wannan. Kabon a cikin taurari ake dafa shi, sai sun mutu suke zubar da shi, saboda haka yawansa yana ba da labarin taurarin da suka riga suka wuce. Ban gama bayani ba ya katse ni. Ya ce oksijin ai shi ne a doguwar tukunyar gas, kabon kuwa na ce masa yana cikin kabaid, dutsen nan mai wari da suke jiƙawa ya ba da iskar walda.

"Oksijin da kabaid? Jikalle, ashe walda ake yi a can!"

Ya ce a ba shi zanen. Na miƙa masa takardar, ya shafa, ya shafa, babu abin da yatsa zai ji. Ban taɓa jin takaicin makantarsa kamar ranar ba. Shi kuwa sai ya ce Kawu ya kawo rodi ɗan siriri ya kunna gas. Na kama yatsansa na bi da shi kan layin sau uku, ina cewa nan a kwance, nan ya hau, nan ya sauko. Kawu yana gasa rodin, Tsoho yana lanƙwasawa a maƙera, ana tsomawa a ruwa yana shafawa, yana tambaya ko tudun ya kai. Tun hantsi har la'asar muna abu ɗaya. Da aka gama ya bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, ya tsaya a tudu na uku.

"Wannan, sau nawa kuka duba?"

Na ce sau ɗaya, don masu neman madubin suna da yawa, sai an bi layi, amma mun nemi a sake dubawa, kuma da zarar an yi zan gaya masa. Ya ce, "Sau ɗaya," ya sake shafa tudun. Daga nan murna ta rinjaye shi, ya sa aka buga ƙusoshi biyu aka rataye rodin a saman ƙofar shago. Duk wanda ya tsaya gyaran ƙofa ko murhu sai an ɗora masa yatsa a tudu na uku.

An sake dubawa, kuma an daɗe ana tara hasken fiye da na farko. Ni kaɗai na buɗe lambobin a ofis. Haidurojin yana nan, oksijin yana nan, wurin kabon kuwa a shafe. Na koma kan na farko na bi shi a hankali, sai na ga inda na yi tuntuɓe. Iskar duniyarmu ita ma tana da ɗan haskenta, dole a cire shi kafin a karanta na zangon, ni kuwa ban cire shi da kyau ba a daidai wurin. Tudun da kakana yake nuna wa mutane ba daga nesa ya zo ba, na saman kanmu ne.

Na ce gobe zan faɗa wa malamata. Goben ta zama mako, makon ya zama wata. Na riƙa gaya wa kaina wataƙila na biyun ne ke da matsala, alhali na san ba haka ba ne. Duk Juma'a in na kira gida Kaka takan kara masa waya a kunne, ya ce, "Yaya zangonmu?" Sai in ba shi labarin sanyin garin, da haidurojin, da oksijin, da yadda taurarin can ke ci da sauri su mutu da wuri. Yana saurare, yana tambaya, yana dariya. Bai taɓa ce mini ina kabaid ba, ni kuma na ɗauka na tsira.

Da mutane suka ragu ranar addu'ar ukun, na shiga ɗakinsa. Kaka tana zaune kan darduma cikin takaba. Na tambaye ta rodin. Ta nuna mini ƙarƙashin gado da haɓa. Na durƙusa na jawo shi, sai gudumarsa ta biyo baya, an ɗaure su tare da tsumma. A jikin tudu na uku akwai farin alli, an zagaye shi, layin ya karkace irin na wanda ba ya ganin abin da yake zanawa.

"Wata biyu ke nan ya sa an sauke shi," in ji Kaka. "Ya ce kai ka daina maganan kabaid. Ya ce mai aiki in ya daina taɓa wuri ɗaya, akwai abu a wurin. Na ce to tambaye shi mana, ga waya. Ya ce a'a. In ya zo a ba shi guduma, kar a ce mishi komai."

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba tun da aka kira ni da labarin rasuwar. Kunya ce ta fi yawa a ciki, sai kuma wani abu kamar sauƙi, don ashe duk Juma'ar nan ya sani, kuma bai daina tambayata zangonmu da daɗin rai ba.

Washegari da safe na ce Kawu ya buɗe shago ya kunna gas. Ya dubi allin, ya dube ni, bai tambaye ni komai ba, shi da ya taɓa yin azumi guda da irin wannan da'ira. Ya saita wutar har shuɗin tsakiya ya fito, ya gasa tudun ya yi ja, ya ɗora a maƙera. Ban iya riƙe guduma ba, bugun farko ma gefe ya tafi. Sai da na yi fiye da goma kafin wurin ya kwanta. Da ya huce na zauna a bencin Tsoho na rubuta wa malamata duk abin da ya faru, har da wata biyar ɗin. Ta amsa da yamma, gajeren saƙo, ta ce ranta ya ɓaci, kuma za mu sake rubutun daga farko. Aikin da aka yi mini tayi ya tafi, digirin ma zai ƙara lokaci. Zangon dai yana nan yana haifar taurarinsa, kuma yanzu tambayar da ke gabana ita ce me ya sa kabon ɗinsa ya yi ƙaranci har ba a gani. Na san da yana nan da ya hana ni shan ruwa da tambayoyi a kan wannan.

Mun mayar da rodin kan ƙusoshinsa kafin addu'ar bakwai. Liman ne ya fara lura. Ya ɗaga kai ya ƙirga, ya ce da uku ya sani, ina ɗayan? Na ce kuskurena ne, Malam, babu kabaid, Tsoho ne ya zagaye shi da alli. Ya daɗe yana kallon wurin da ya kwanta, inda sawun guduma ya yi rututu, sannan ya share ido da bakin rawani ya ce, "Har ya tafi bai bar gardama ba."

Allah Ya gafarta maka, Tsoho, Ya yafe mana abin da muka shafe da fenti. Ya buɗe maka idanunka a can, Ya cika kabarinka da haske marar ƙuna, ka kalla har ka ƙoshi ba sai ka runtse ba.